Sa sitiyarin kasuwa a Land Cruiser HZJ75: wane girma ya dace, kuma yaya ake ɗaurawa?

Mai Motar Gona:

Assalamu alaikum. Ina da Land Cruiser HZJ75 ƙirar 1996, injin 1HZ, mai pawa (sitiyarin da inji ke taimaka wa juyawa), babu jakar iska ta kariyar haɗari. Rana ta cinye robar sitiyarin, har tana murɗewa a kan ƙarfen ciki idan na riƙe da ƙarfi. Yawancin tafiyata burji ce da yashi, da damina kuma taɓo. Na ga wani sitiyari a kasuwa, faɗinsa milimita 320, mai zurfi, an rubuta Momo a jiki, fatarsa mai laushi kamar karammiski. Mai shagon ya ce kowace mota yana shiga. Gaskiya ne? Girman ya yi wa wannan mota? Hon da sigina za su ci gaba da aiki?

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam, Malam. Babu sitiyarin da ke shiga kowace mota kai tsaye. Tsakaninsa da sandar sitiyari akwai wani ƙarfe da ake kira hob, wasu su ce bos kit, kuma kowace mota da nata. Ƙasansa yana da haƙora da suka dace da na sandar motarka, samansa kuma ramuka shida ne na ɗaura sitiyarin. Momo da Sparco da OMP da'irar ramukansu milimita 70 ce, Nardi kuma 74. Akwai hob mai ɗauke da duka biyun, shi ya fi sauƙi. Ka nemi wanda aka rubuta na Land Cruiser 70 marar jakar iska ne, kuma ka je da tsohon sitiyarinka a gwada haƙoran ido da ido. Idan wani ya ce zai yanko tsakiyar tsohon ya yi masa walda da faranti, kada ka yarda. Walda a wannan wuri tana tsagewa da gargada, kuma ba ta sallama kafin ta rabu.

Girman 320 ya yi ƙanƙanta. Auna naka, za ka same shi kusa da milimita 400. Ƙarfin da hannu ke sawa yana ƙaruwa ne gwargwadon yadda faɗin ya ragu: daga 400 zuwa 380 ƙarin kusan kashi 5 cikin ɗari ne, zuwa 350 kusan kashi 14, zuwa 320 kuwa kashi 25. A kwalta, da pawa, ba za ka ji ba. Amma ranar da inji ya mutu a gangare, ko bel ɗin pawa ya tsinke, ko tayoyin gaba suka nutse a yashi bayan ka rage musu iska, nan za ka nemi wannan faɗin ka rasa. Haka idan taya ta bugi kututture: sitiyari zai fizge, ƙaramin kuma ya fi wuyar tarewa. Ni 380 zan ce, ko 360 idan ba a samu ba.

Wajen cirewa, fara da tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri bayan ka tafi miƙe na 'yan mitoci, don tayoyin gaba su daidaita da kansu. Cire wayar negatif ta batir, idan batir biyu gare ta ka cire na duka. Ɓalle murfin hon, zare wayarsa. Ka ja layi da maka a kan sandar, wanda zai nuna sama. Notin tsakiya soket 19 ne. Sassauta shi, amma ka bar shi a kan sandar da zagaye uku ko huɗu, domin sitiyarin yana zaune ne a kan wuri mai tsini kuma idan ya saki da ƙarfi yake sakin, haɓa ko hanci yake nufa.

A gefen notin akwai ramuka biyu masu zare, M8 ne, na fula, wato ƙarfen da ake zaro sitiyari da shi. Ɗaura fula ka juya a hankali har ka ji ƙas. Kada a doki kan sandar da guduma. An yi ta ne don ta lanƙwashe cikin kanta idan an yi karo, duka yana karya abin da ke riƙe da ita a ciki, daga nan sai wasa da ƙara su fara, zaren notin ma ya baje.

Wajen ɗaurawa, goge sandar ta bushe, kada a sa giris a wurin mai tsinin. Daidaita alamar sama ta hob da layinka, ka tura da hannu. Idan sai an buga zai shiga, ba nata ba ne. Notin ana ɗaure shi da sifana mai awo, wajen Nm 34 a Toyota na wancan zamani. Bayan ɗaurewa ka duba a sami tazarar milimita 2 zuwa 3 tsakanin hob da robar da ta rufe sandar, in ba haka ba zai riƙa gogawa. Kusoshi shida na sama M5 ne, alanki na 3. A ɗiga musu Loctite shuɗi, gam ɗin da ke hana kusoshi kwancewa, a ɗaure su ɗaya nan ɗaya can kamar notin taya, Nm 5 zuwa 6 ya isa. Hob ɗin aluminiyam ne, da an matsa fiye da haka zaren ya tafi.

Rewaya:

Oga ya gama maganar ƙarfe, bari in ƙara ta waya. A wannan motar hon ta bodi yake aiki, wato ƙarfen jikin mota: akwai ɗan tsinken tagulla mai sifirin a jikin makunnin sigina, yana gogar wani zobe a bayan sitiyari, idan ka danna maɓalli sai ya haɗa wayar da bodi. Sabon hob dole ya zo da wannan zobe a daidai inda tsinken yake. Kafin ka ɗaure noti, shafa wa zoben giris kaɗan, sa hob ɗin, juya, sannan ka cire ka ga ko tsinken ya bar sawu a tsakiyar zoben. Idan a baki ya bi, hon zai riƙa ɗaukewa a kwana.

Matsala biyu ake yawan kawowa. Ko hon ya ƙi yi sam, saboda fentin sitiyarin ya hana maɓalli samun bodi, maganinsa guntuwar waya daga maɓallin zuwa ɗaya daga cikin kusoshin hob. Ko kuma ya riƙa yi da kansa, saboda an matse wayar tsakanin hob da sitiyari har ta feɗe.

Sigina kuma abin da ke kashe shi bayan kwana wani zobe ne da ke juyawa tare da sitiyari. Duba bayan tsohon ka ga inda yake kamawa, ka tabbatar sabon hob yana da irin wannan wurin. Idan ka tura ba su haɗu ba ka ɗaure noti a haka, zoben roba ne, fashewa zai yi.

Ga masu karantawa da motarsu ke da jakar iska, kamar Hilux Vigo ko Prado 120, maganar ta bambanta. Bayan cire batir a jira aƙalla daƙiƙa 90 kafin a taɓa mahaɗin nan rawaya. Jakar idan an cire, fuskarta sama ake ajiye ta. A bayan sitiyarin akwai naɗin waya da makanikai ke kira kulok sifirin, yana juyawa kusan sau biyu da rabi kowane ɓangare. A manne shi da salatif a tsakiya, domin idan ya goce zai tsinke a kwanar farko. Akwai masu sa ɗan resista don kashe fitilar gargaɗi. Fitila kawai ya kashe, direba ba shi da jaka. Motar da ke hawa titi da iyali, shawarata a nemo mata sitiyarin kamfani, ko na gwanjo ne mai lafiya.

Direban Sahara:

Ni ban ƙi 350 ba ga mai pawa idan direban ƙato ne kuma cinyarsa na gogar na kamfani, amma ƙasa da haka na bi bayan Oga. Abin da ya fi damuna shi ne wancan da Malam ya gani. Fata mai kama da karammiski an yi ta ne don mai tsere da safar hannu. Gumi da ƙurar hunturu suna mayar da ita santsi cikin 'yan watanni. Katako kuma rana tana tsaga shi, da tsakar rana ba ya taɓuwa. Fata sak ko roba mai kauri su ne na daji.

Zurfin ma abin dubawa ne. Hob da kansa yana turo sitiyari wajenka, idan ka ƙara mai zurfin milimita 90 a kai sai yatsa ya daina kai wa sandar sigina, bakin sitiyarin kuma ya rufe mitar zafi. Nemi shafaffe ko mai zurfin 30 zuwa 40.

Sannan jabu sun fi na gaske yawa. Dafa shi a gwiwa ka murɗa da hannu biyu: idan ya ba da kai ko kaɗan, ajiye musu. Ƙafafunsa, wato ƙarafan da suka haɗa bakinsa da tsakiya, su kai kaurin milimita 4 ko 5. A gargada direba da sitiyari yake tokare jikinsa, sirara lanƙwashewa suke. Irin wanda ake zarewa a tafi da shi saboda ɓarayi, yashi yana shiga makullinsa ya fara wasa, ban so shi a wannan aiki ba. Kuma kowanne ka sa, manyan yatsu a waje suke zama a hanyar duwatsu, ba a cikin ƙafafun ba.

Mai Motar Gona:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sami 380 na fata da hob ɗinsa, hon da sigina lafiya. Sai dai a miƙaƙƙiyar hanya ya ɗan karkata dama, kamar faɗin yatsa biyu. In cire in matsa haƙori ɗaya?

Tsohon Bakanike:

Kada ka cire tukuna, Malam. Ƙirga haƙoran: idan 36 ne, kowanne digiri 10 ke nan, wato fiye da santimita 3 a bakin sitiyari mai 380. Idan karkatar ta kai haka cif, haƙori ɗaya ka goce, mayar da shi kan layinka. Idan ba ta kai ba, matsawa zai mayar da ita hagu ne kawai.

Juya sitiyari ƙarshen hagu, ƙirga zagaye zuwa ƙarshen dama, dawo rabi. Nan ne tsakiyar akwatin sitiyari, wato akwatin da ke ƙasan sandar mai juya tayoyi, inda ya fi matsewa, kuma nan ya kamata sitiyarin ya miƙe. Idan a nan ya miƙe amma tayoyi sun kalli gefe, gyaran a ƙasa yake, a sandar da ta taso daga hannun akwatin zuwa taya. Sassauta maƙalanta biyu, juya ta rabin zagaye, ɗaure, ka gwada a hanya, ka maimaita har ya zauna. Kada a taɓa doguwar tayirod da ta haɗa tayoyin biyu, ita ce ke riƙe alaimen, taɓa ta zai sa taya cin gefe. Bayan tafiyar kilomita 100 zuwa 200 a burji, ɓalle maɓallin hon ka sake gwada notin tsakiya da kusoshi shidan nan.