Lambar Sharukan: ladan Jawan ne ko biyan tsohon bashi?

Yaya Habu: Jama'a, ga magana, wanda bai yarda ba ya fito. Lambar gwarzon jarumi da aka ba Shah Rukh Khan a bikin karrama finafinai na ƙasar Indiya karo na 71 ba don fim ɗinsa Jawan aka ba shi ba, bashi aka biya shi. Tun 1992 yake fitowa a fim, sai a Satumban 2025 shugabar ƙasa Droupadi Murmu ta miƙa masa ita a Delhi, karon farko a rayuwarsa. Ita ma raba ta aka yi tsakaninsa da Vikrant Massey na fim ɗin 12th Fail.

Ummi: Haba Yaya! Fitowa biyu ya yi fa, uba da ɗa, kuma ko ka rufe ido za ka bambance muryoyinsu. Fim ɗin ya taɓo manoman da bashi ke sa su kashe kansu, ya taɓo asibitin gwamnati da yara ke mutuwa don babu iskar numfashi. Wannan ne ba aiki ba?

Yaya Habu: Aikin marubuci da darakta Atlee kike lissafowa, ƙanwata. Ni jarumin nake tambaya. Aske kai da rawa a cikin jirgin ƙasa da dukan mutum ashirin, wannan ai mujallar Filmfare ta saba sakawa a nata bikin karramawar, kuma can yana da lambar gwarzon jarumi har 8. Ta ƙasa an san ta da wani abu daban. Ki tuna Swades na 2004, inda ya fito a ma'aikacin NASA da ya koma ƙauye. Akwai wurin da jirgi ya tsaya a tasha, wani yaro na yawo da ruwa yana sayarwa. Mutumin da bai shan komai sai ruwan gora ya saya ya sha, bai ce uffan ba, idonsa kawai ya ciko. A shekarar nan wa aka ba? Saif Ali Khan, da Hum Tum.

Ɗanliti: Ai lokacin uwar Saif, Sharmila Tagore, ce shugabar hukumar tace finafinai. Magana ta ƙare.

Malam Tijjani: A'a Ɗanliti, kada mu ci naman mutane. Gaskiya ne tana shugabancin hukumar a lokacin, amma hukumar tacewa shaidar izini kawai take bayarwa. Masu zaɓen gwanaye alƙalai ne na daban, ƙarƙashin ma'aikatar yaɗa labarai. Zargi ne da aka daɗe ana yawo da shi, ba hujja ba.

Abin da Habu bai faɗa ba, kuma shi ne ya fi ƙarfafa maganarsa: shugaban alƙalan manyan finafinai a wannan karon Ashutosh Gowariker ne, wato daraktan Swades ɗin da kansa. Shi ya sa surutun ya yi yawa a Indiya. Duk da haka ban yarda da kalmar bashi ba. Dokar bikin ita ce a auna finafinan da suka samu shaidar tacewa a cikin shekara guda, a nan 2023. Kuma kwamiti ne, ba mutum ɗaya ba. In kuwa girmama tsawon aiki ake so, akwai lambar Dadasaheb Phalke, wadda a bikin nan Mohanlal ya karɓa.

Anti Rabi: Ku duk Mumbai kuke kallo, kun manta bikin nan na Indiya ne gaba ɗaya, da masu Tamil da Telugu da Malayalam da Bengali. Wanda ya fara cin lambar gwarzon jarumi ma Uttam Kumar ne, ɗan fim ɗin Bengali. Shekarar Chak De India, Prakash Raj ne ya ci. Shekarar My Name Is Khan, Dhanush da Salim Kumar suka raba. To wa ya ci wa Sharukan bashi a nan? Ya haɗu da waɗanda suka fi shi a shekarun ne kawai. Ni wanda nake ganin an danne a wannan karon Prithviraj ne, a Aadujeevitham. Labarin ɗan ci-rani daga Kerala da aka tsare a hamadar Saudiyya yana kiwon awaki. Bawan Allah nan ya rame har haƙarƙarinsa ana ƙirgawa, tafiyarsa da maganarsa duk suka koma na wanda ya daɗe bai ga mutane ba. Bai samu komai ba.

Ummi: Anti, rama ai ba ita ce iya wasa ba. In haka ne duk wanda ya yi azumin wata shida sai a ba shi lamba.

Anti Rabi: Ja'ira! Ki kalla tukuna ki dawo mu yi magana.

Malam Tijjani: Ummi tana da gaskiya ta wani gefen. Salon alƙalan ya sauya kafin Jawan. Allu Arjun ya ci da Pushpa, Rishab Shetty ya ci da Kantara, dukkansu finafinan da suka cika sinima ne. In an yarda da waɗannan, ban ga dalilin da za a ce na Sharukan ne kaɗai haramun ba. Wanda ya fi damuna a bikin ma ba wannan ba ne. The Kerala Story aka ba lambar gwarzon darakta, fim ɗin da babban ministan jihar Kerala na lokacin, Pinarayi Vijayan, ya fito fili ya soki karrama shi saboda yadda ya shafa wa jihar da Musulminta baƙin fenti. A nan ne ya kamata a tambayi alƙalai ma'auninsu.

Yaya Habu: Malam, ai ka zo inda nake. In ma'auni yana lanƙwasuwa a can, me zai hana shi lanƙwasuwa a nan? Kuma raba lambar da kansa shaida ce. Vikrant Massey ya fito a yaron da ya faɗi jarabawar aji 12, ya yi aiki a injin niƙa yana karatu cikin ƙurar gari har ya zama babban jami'in ɗan sanda. Fim ɗin ne kuma aka ba gwarzon fim na shekara. Da shi kaɗai aka ba, ba wanda zai ɗaga gira.

Ɗanliti: Amita yana da 4, Ajay Devgn yana da 3, a ce Sarki ba shi da ko ɗaya? Ko bashi ne a biya, mu dai mun karɓa.

Ummi: Ɗanliti, don Allah ka bar taya ni, ɓata mini hujja kake yi. Yaya Habu, raba lambar ba yau aka fara ba, Anti ta kawo maka na Dhanush da Salim Kumar yanzun nan. Shi ma bashin wa aka biya?

Yaya Habu: Wancan babu daraktan tsohon fim ɗinsu a kujerar shugaban alƙalai. Anti, da wane suna zan nemo fim ɗin awakin nan? Da wanda kika rubuta ban same shi ba.

Anti Rabi: Ka nemi The Goat Life, yana Netflix.