Jiƙa tayil da kwaɓin siminti: har yanzu yana ci, ko gam ya karɓe aikin?

Baba Mai Tayil, Agege: Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'a. Jiya na leƙa wani aiki a Ogba, na tarar yaro ya jera buhunan gam ɗin manna tayil a ƙofar falo, ko buhun siminti ɗaya babu. Na tambaye shi ina durom ɗin jiƙa tayil, ya ce shi ba ya jiƙawa. Ni abin da na koya, kuma na fi shekara 20 ina yi, shi ne: ka jiƙa tayil ya ƙoshi, ka shimfiɗa kwaɓin yashi da siminti, ka zuba ruwan siminti a kai, ka ɗora, ka bi da gudumar roba. Akwai gidajen da na yi wa haka a nan Agege, har yau ko ɗaya bai motsa ba. A ganina gam ɗin nan ƙarin nauyi ne kawai ake ɗora wa mai gida. Mai ja, ga fili.

Mai Aiki a Ajah: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. Ba na ja da aikin da ka yi, don na taka irinsa da ƙafata. Amma tayil ɗin da kuka yi aiki da shi a lokacin ba shi ne a kasuwa yanzu ba. Wancan siramik ne mai jan baya, yana shan ruwa. Dalilin jiƙa shi ke nan, don kada ya zuƙe ruwan kwaɓin kafin siminti ya kama. Kuma ta 'yan ƙofofin nan na bayansa siminti yake shiga ya riƙe shi. Tayil ɗin fosilin kuwa, irin mai santimita 60 da 60 ɗin da kowa yake so yanzu, an gasa shi har ya toshe, ruwan da yake sha bai wuce kashi 0.5 cikin ɗari na nauyinsa ba. Ko kwana ya yi a durom ba abin da zai shiga. Jiƙawar ma cutarwa take, don ruwa ne zai kwanta a bayansa ya shiga tsakaninsa da siminti.

Abin ya faru da ni, shi ya sa nake magana da zafi. Na yi wa wata baiwar Allah falo da fosilin a kan siminti zalla. Ba a rufa wata takwas ba ta kira ni. Na ɗauki tsabar ƙarfe ina ƙwanƙwasawa, kusan rabin falon ƙarar fanko yake yi. Da na ɗaga guda ɗaya, bayansa fes kamar yau aka fito da shi daga kwali, har zanen bayan ya fito a jikin simintin, amma ba su haɗu ba. Daga aljihuna na biya gyaran.

Mai Shago a Coker: Gaskiya ne maganar Malam na Ajah. Mu da muke sayarwa a nan Orile mu ake fara kawo wa ƙara, a ce tayil ne ba kyau. Wanda bai iya bambancewa ba, ya kifa tayil ya ɗiga ruwa a bayansa. In ya shanye nan take, siramik ne, jiƙa abinka. In ruwan ya tsaya yana ƙyalli, nemi gam.

Baba Mai Tayil, Agege: To na ji. Amma ku amsa mini wannan. Mutanen Togo da na Kwatano da ake rububinsu a Lekki, na ga da yawansu suna ɗora fosilin a kan kwaɓi, kuma aikin yana zama. Sannan mai gida da ya sayi tayil da ƙyar, ka ce masa sai an yi daɓe daban, a jira ya bushe, a sake sayen gam? Gobe za ka ji ya ba wani aikin.

Ɗan Idi-Araba: A nan ina bayan Baba, amma rabi. Na yi aiki tare da su. Waɗanda aikinsu yake zama, ka lura da hannunsu: suna shafe bayan tayil ɗin kaf da ruwan siminti mai kauri, wasu kuma suna zuba farin ruwan nan mai kama da madara a ciki don ya ƙara danƙo. Wato gam ɗin ne dai ya shigo ta bayan gida.

Kuma masu yabon gam su faɗi gaskiya, ana ɓarna da shi ƙwarai. Za ka ga yaro ya ɗora curi biyar a bayan tayil, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya, ya manna. Ƙarƙashin duk rami ne. Ranar da aka ja ƙafar gado ko tukunyar gas ta faɗi, sai tsagewa. Wannan aikin, na Baba ya fi shi sau goma, domin kwaɓi aƙalla yana cika ƙasan tayil. Gam ba a daidaita ƙasa da shi, siririn shafi ne a kan daɓen da ya riga ya miƙe.

Mai Aiki a Ajah: Ban musa ba, ɗan'uwa. Gam sai da cokalin gini mai haƙora, na milimita 10 ko 12 in tayil babba ne. Ka ja layukan su miƙe gefe guda, ka shafa siriri a bayan tayil, ka ɗora ka ɗan goga shi gaba da baya don layukan su kwanta iska ta fita. Lokaci-lokaci ka ɗaga ɗaya ka duba: a falo gam ya kama aƙalla kashi 80 na bayan, a banɗaki da baranda kusan duka. Kada ka shimfiɗa fiye da abin da za ka rufe cikin minti 20, da zarar ya yi fata a sama kwashe shi. In ya fara daskarewa a bokiti, kada a ƙara ruwa. Ga fosilin, duba jikin buhu ka ga an rubuta C2, wato alamar gam mai ƙarin ƙarfin kamu.

Yaron Aiki, Mile 12: Iyayena, a yi mini afuwa in sa baki. Ogana yana cewa in an yi daɓe yau, jibi a fara ɗora tayil. Daidai ne?

Ɗan Idi-Araba: Ƙanena, kada ka yi wa oganka gardama a gaban mutane, amma ka riƙe wannan. Kankare kwana 28 ake ba shi ya yi ƙarfi. Daɓen yashi da siminti kuma lissafin bushewarsa kamar milimita ɗaya ne a rana, wato mai kaurin santimita 4 ya doshi kwana 40. Wannan a wuri mai iska ke nan. A Legas cikin watan Yuni, da wanki ma yake kwana biyu bai bushe ba, sai abin da ya ƙaru. Ba dole sai ya bushe ƙarau kafin tayil ba, amma ka ba shi aƙalla sati uku, saboda yana tsukewa yayin da yake bushewa, in ka rufe shi da wuri zai ja tayil ɗin. In kuwa katako ko ledar ɗaki za a shimfiɗa, sai ya bushe sosai. Don gwada danshi, ka yanki leda kamar santimita 45 kowane gefe, ka manne bakinta da salatif a ƙasa, ka bar ta ta kwana. In da safe ka ga gumi a ciki ko wurin ya yi duhu, akwai sauran ruwa.

Mai Aiki a Ajah: Musamman a ɓangarenmu. Ajah da Lekki ruwa na kusa, fili da yawa cikon yashi ne. In birkila bai sa leda a ƙarƙashin kankare ba, danshi ba zai daina tasowa ba, farin gishirin nan ya riƙa fitowa ta layin tayil. Ka faɗa wa mai gida tun kafin ka buɗe kwali.

Baba Mai Tayil, Agege: Maganar daɓe ba ni da ja. Amma bari in ƙara muku abin da ba ku ambata ba, wanda ko da gam ko da siminti zai tayar da falo. Masu gida yanzu suna cewa a haɗe tayil baki da baki, kada a ga layi. Ni ba na yarda. Tayil yana buɗewa da zafi, gini yana motsi. Ina barin milimita 2 zuwa 3 a tsakani, a jikin bango kuma kamar 6, sikatin (siririn tayil ɗin gindin bango) ya rufe, kuma ba na cusa siminti a wurin. Na taɓa ganin falon da ya tashi tsakiya kamar tanti da tsakar dare, masu gidan suka fito a guje sun zaci harbi ne. Da gam aka yi shi.

Mai Shago a Coker: Wannan kam Baba ya faɗi ta. A baranda da rana take duka ma sai an yanka layin motsi, wato tazarar da tayil zai samu wurin buɗewa, kusan duk mita 3.

Baba Mai Tayil, Agege: Siramik dai ba zan daina jiƙa shi ba, kuma da kwaɓina zan ci gaba. Fosilin kuwa ina da wani aiki sati mai zuwa a Iyana Ipaja, ɗaki biyu. Malam na Ajah, in kana da sarari ranar Talata ka zo da cokalinka mai haƙora, mu yi ɗaki ɗaya tare, washegari in ƙwanƙwasa in ji da kunnena.

Mai Aiki a Ajah: In sha Allahu Baba, bayan sallar asuba zan kamo hanya kafin gadar ta cushe. A dai sa yara su share daɓen, kada a bar ƙura.