Shin ƙuncin yarinta ne ya mayar da Edmund Kemper makashi?

Mai Neman Sani: Jama'a, Ba'amurken nan Edmund Kemper ya kashe mutum 10, kuma yana yaro mahaifiyarsa takan kulle shi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya kwana shi kaɗai. Shin azabar nan ce ta lalata shi?

Malamar Firamare: Tana da hannu ƙwarai, domin yaron da ya taso cikin zagi da wulaƙanci zuciyarsa kan bushe. Yana ɗan shekara 15 ya harbe kakanninsa, a 1964.

Dattijo: Malama, yara da yawa sun sha irin wannan wuya ba su kashe ko kaza ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda aka sallame shi daga asibitin mahaukata a 1969, aka mayar da shi hannun uwar nan, wadda ya kashe a 1973.