Wace kalma za mu sa wa "prime number"?

1/ Assalamu alaikum jama'a. Mako guda ke nan ina son rubuta labarin wasu masu sha'awar lissafi da suka haɗa kai a intanet suna farautar manya-manyan lambobi, amma kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya, wato abin da Turawa ke kira prime number. Na yi tambaya shekaranjiya, kun ba ni amsoshi masu yawa, Allah ya saka da alheri. Ga inda na tsaya.

2/ Ga wanda bai san abin ba: mai tumatir 12 zai iya kasa su uku-uku, ko huɗu-huɗu, ko shida-shida, ba saura. A ba shi 13 kuwa, duk yadda ya kasa sai wani kashi ya fi wani, sai dai ya jera su ɗai-ɗai ko ya bar su tuli guda. To irin su 13 nake nema wa suna: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, haka har ba iyaka.

3/ Amsar da ta fi yawa ita ce "lamba ta farko". Na san inda aka samo ta. Larabawa na cewa adad awwali, 'yan'uwanmu na Nijar da suka yi boko da Faransanci kuma sun saba da nombre premier. Amma ka ce wa yaro ɗan aji huɗu 13 lamba ta farko ce, zai ce maka a'a, 1 ce ta farko. Kuma yana da gaskiya.

4/ Wata 'yar'uwa ta kawo "lamba mara rabuwa". Ma'ana ta fita sarai, Yaya, sai dai muna da cika da mara tun kaka da kakanni, kuma kunne zai ji "lamba mara" ya tsaya nan. Ga 9, mara ce, amma tana kasuwa uku-uku. Ga 2, cika ce, kuma tana cikin waɗanda muke nema wa suna.

5/ Wani dattijo da ya daɗe yana koyar da lissafi ya ce "tushen lamba". Allah ya gafarta malam, wannan ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya, domin ita ce ta kama asalin abin. Kowace lamba daga waɗannan aka gina ta: 60 ita ce 2 sau 2 sau 3 sau 5, ba ta da wani gini sai wannan. Abin da ya hana ni ɗauka shi ne za mu buƙaci "tushe" a wasu wurare na lissafi, kamar inda ake neman lambar da aka ninka da kanta ta ba da 49. Kada kalma ɗaya ta ɗauki kaya biyu a aji guda.

6/ Wadda na zaɓa ita ce gagara-rabo. Ginin namu ne, irin na gagara-badau da gagara-gasa da gagara-misali. An ce mini rabo na nufin sa'a, kada a ɗauka lambar rashin rabo ce. Na ji, amma rabon gado da rabon naman watanda ma rabo ne, kuma a ajin lissafi ba wanda zai ɓata. Sharaɗi ɗaya sai an faɗa wa ɗalibi: 1 ba ta ciki, daga 2 ake farawa.

7/ Bari in gwada ta a kan labarin da ya jawo maganar. A 1996 wani Ba'amurke, George Woltman, ya kafa GIMPS, wato ƙungiyar nan ta masu farautar manya-manyan lambobi gagara-rabo a intanet. Kowa zai sauke manhaja kyauta a kwamfutarsa, a ba shi lamba guda, na'urar ta yi ta bincike dare da rana, ta mayar da sakamako. Wannan ko ba a nema masa suna ba, aikin gayya ne, kowa da kunyarsa a gona ɗaya.

Irin lambobin da suke bi suna ɗauke da sunan Marin Mersenne, wani limamin Kirista Bafaranshe da ya rasu a 1648. Za ka jera 2 sau da yawa ka ninka su, ka cire 1. Biyu guda uku, wato 2 sau 2 sau 2, sun ba da 8, cire 1, saura 7, gagara-rabo. Amma ba kullum ba: biyu guda goma sha ɗaya sun ba da 2,047 bayan an cire 1, ita kuwa 23 sau 89 ce. Shi ya sa dole a gwada kowace.

8/ Gwajin da ke tabbatarwa, na masana lissafi Lucas da Lehmer, ba ya bin lambobi ɗaya bayan ɗaya yana rabawa, da ba a gama ba har abada. Ana farawa da 4, a ninka ta da kanta, a cire 2, a yi ta maimaitawa ana riƙe sauran da ya rage bayan an raba da lambar da ake gwadawa. Ga 7 taki ɗaya ya isa: 16 cire 2, 14, kuma 7 ta raba ta ba saura. Édouard Lucas da hannu ya tabbatar da wata mai alƙaluma 39 a 1876.

9/ A Oktoban 2024 aka sanar cewa Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin fasaha na Nvidia, ya gano ta 52 cikin lambobi gagara-rabo irin na Mersenne da aka sani. An jera 2 guda 136,279,841, aka ninka su, aka cire 1. Alƙalumanta 41,024,320. Na'urar da ya yi haya a Dublin ce ta fara nuna cewa ana kyautata zaton gagara-rabo ce, washegari wata a Texas ta tabbatar.

Ku sake karanta jimlar ƙarshen nan da ƙarfi. Ni dai bakina bai yi tuntuɓe ba.

10/ Jam'i kuma ba sai an taɓa kalmar ba: lamba gagara-rabo, lambobi gagara-rabo. Kishiyarta, irin su 12 da 2,047, na bar ta a "mai rabuwa". Malaman firamare da ke nan, don Allah ku gwada wa yara ranar Litinin da ƙwallayen dabino 12 da 13, ku faɗa mini abin da suka ce.