Me ya sa babban jirgi ba ya sauka a kowane fili? Waɗanda suka gani su faɗa

Baban Ummi, Garwa: Assalamu alaikum jama'a. Duk shekara idan jigilar alhazai ta matso sai gardamar nan ta dawo: 'yan'uwanmu na Marwa da Ngaundere, a nan arewacin Kamaru, suna tambaya don me sai an kwaso maniyyatansu zuwa Garwa, alhali su ma suna da filin jirgi. Ina roƙon wanda ya yi aiki a fili, ko ya ga wani abu da idonsa, ya ba mu labari. Ban da na ji an ce.

Injiniya, Njamena: Wa alaikumus salam, Baban Ummi. Na yi aikin awo a gyaran wani fili a nan Cadi. Kafin mu kafa ko turke ɗaya, tambayar farko ita ce: wane jirgi ne mafi girma da zai riƙa zuwa? Daga amsarta komai ke fitowa. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta raba jirage daga A zuwa F bisa faɗin fukafukansu. Boeing 737 yana rukunin C, ƙasa da mita 36. Boeing 747-400 ya haura mita 64, rukunin E ke nan, A380 kuwa kusan mita 80. Mutane tsawon titi kawai suke kallo, kuma gaskiya akwai bambanci: na Garwa ya kai kimanin mita 3,400, namu na Njamena 2,800, na Marwa-Salak wajen 2,100. Amma abin da ya fi cin lokacinmu shi ne kwana, wato inda hanya ta lanƙwasa. Tayar gaba tana bin layin rawaya, tayoyin baya kuwa suna yanke kwanar ta ciki, don haka dole a ƙara kwalta a kowace kusurwa, in ba haka ba taya ta faɗa ƙasa.

Tsohon mai sanduna, Garwa: Injiniya ya faɗi gaskiya. Ni ne mai tsayawa gaban jirgi da sanduna biyu har ya tsaya. Ranar da babba zai zo, tun da safe muke sake lissafin farfajiya, wato wurin da jirage ke tsayawa, domin shi kaɗai yakan cinye gurbin ƙanana biyu. Ƙa'ida ita ce a bar mita 7.5 tsakanin bakin fiffikensa da duk abin da ke kusa, gini ne ko wani jirgi ko fitila. Matuƙin yana can sama, ba ya ganin tayoyinsa, da ƙyar yake hango bakin fiffike. Sai mu sa mutum ɗaya a ƙarƙashin kowane fiffike, yana tafiya tare da shi, hannu ɗaya a ɗage, idonsa a sama. Da ya sauke hannun, ni kuma in gicciya sanduna, jirgi ya tsaya cak. Gumin da nake yi a wannan minti ɗin ba na rana ba ne kawai.

Hajiya Mai Atamfa, Marwa: Ni dai abin da na gani a tafiyata shi ne, an tara mu tun la'asar amma ba mu tashi ba sai tsakar dare. Tsofaffi suna ta mita. Wani ma'aikaci ya ce mana, “Hajiya ku yi haƙuri, jirgin cike yake, sai iska ta huce.” Har yau ban gane haɗin zafi da tashin jirgi ba. Malam Injiniya, a warware mini.

Injiniya, Njamena: Hajiya, bai yi miki ƙarya ba. Iska mai zafi ba ta da kauri, fiffike ba ya samun abin dogara da wuri, injin ma ƙarfinsa na raguwa, sai jirgi ya buƙaci doguwar hanya kafin ya ɗaga. A lissafinmu ana ƙara kashi 1 cikin 100 na tsawon titi a kan kowane digiri da ya haura ma'aunin da aka gindaya, da kashi 7 a kan kowace mita 300 ta tudu. Ki duba Maris da Afrilu a yankinmu, zafi na wuce digiri 40. Ngaundere kuwa da sanyinta, amma tana kan tudu sama da mita 1,000, wannan kaɗai ya ƙara mata kusan kwata. In titi bai isa ba, zaɓi biyu ne: a rage kaya da mai, ko a jira dare.

Ɗan Bello, Kuseri: Yayyena, ni lebura ne, na yi aiki a wani fili da ba sai na ambata ba. Kafin babban jirgi ya sauka sai a jera mu mu bi gefen hanya muna tsintar tsakuwa, ƙusa, har murfin kwalba. Hanyar da yake bi zuwa farfajiya mita 23 ce, injinansa na waje kuwa sun leƙa bayan kwaltar, suna zuƙar duk abin da ke ƙasa. Na kuma ga inda ya kwana a kan kwalta cikin bazara, da aka ja shi sai ga gurbin tayoyi ya lotsa kamar an danna yatsa a tuwo. Daga baya aka fasa wurin aka zuba kankare, domin man jirgi ma in ya ɗiga narkar da kwalta yake.

Malam Garba, Marwa: Na ji duka, na kuma gode. Amma ban gamsu a ce haka za mu dawwama ba. Tsohuwa ta yi tafiyar kilomita sama da 200 a mota kafin ta ga jirgi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Injiniya, in an ƙara wa titin Salak tsawo, ya wadatar?

Injiniya, Njamena: Malam Garba, bai wadatar ba. Sai an auna ko ƙasan titin zai ɗauki nauyin, a faɗaɗa kwanoni da kafaɗun hanya, a yi wurin juyawa a ƙarshen titi, a ƙara farfajiya, sannan motocin kashe gobara su dace da tsawon jirgin. Hanya mafi kusa a ganina ita ce matsakaicin jirgi irin 737 ya riƙa kwasar mutanenku zuwa Garwa, su shiga babba a can. Wanda ya san kuɗin kujerar Marwa zuwa Garwa a bana ya faɗa mana, mu kwatanta da na mota.