A hana kai likitan awo kotu ko kuwa?

Baban Sadiq: Jama'a ni fa ra'ayina a yi doka ta kare likitocin da ke duba masu juna biyu, in dai ba da gangan ya yi ba to babu kotu babu diyya. Kullum ficewa suke Ingila da Saudiyya, wanda ya rage layin awo har bakin get, in abu ya faru kuma a ce shi ya kashe ta.

Maman Ilham: Haba Baban Sadiq, wa ke kai su kotun ma a nan? Mace ta rasu wajen haihuwa sai a ce kwana ne ya ƙare, a yi zaman makoki a watse. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce a 2020 kaɗai mata wajen 82,000 suka rasu ta dalilin ciki da haihuwa a Najeriya, nawa ka ji an yi shari'a a kansu?

Baban Sadiq: A Amurka ai an yi. Texas a 2003 suka sa iyaka, diyyar raɗaɗi da ɓacin rai ba ta wuce dala 250,000 a kan likita.

Barista Nura: Yaya wannan iyakar kuɗi ce, ba a hana kowa shigar da ƙara ba, kuma can ƙararraki ne suka yi yawa inshorar likitoci ta yi tsada, mu ba ita ce damuwarmu ba. Kariya kuwa akwai ta tun da. Shari'ar Dr Okonkwo a Kotun Ƙoli 2001, mata ta haihu ta samu matsala, ita da mijinta 'yan Shaidun Jehobah ne, addininsu ya hana ƙarin jini, suka ƙi ƙarin jinin suka sa hannu a takarda, ta rasu. Kotun ladabtar da likitoci ta dakatar da shi wata 6, Kotun Ƙoli ta ce ba shi da laifi tunda baliga mai hankali tana da ikon ƙin magani. Haka sashe na 232 na Penal Code, wato dokar laifuffuka ta Arewa, cire ciki don ceton ran uwa ba laifi ba ne.

Sista Rabi: Barista kai takarda kake karantawa mu muke tsaye a ɗakin haihuwa. Za a kawo mace tana jijjiga, ƙafa a kumbure, katin awon nata ka buɗe ka ga tun wata biyar aka rubuta jininta ya hau aka ce ta dawo bayan sati biyu ba ta dawo ba, likita ya ce tiyata yanzu yanzu, uwar miji ta ce wallahi sai ɗanta ya zo, ɗan yana kasuwar ƙauye waya a kashe. In ka yi ba sa hannu ta mutu dangi su yi maka caa, in ka jira ma ta mutu su ce an bar ta. Mu ba alƙali muke tsoro ba, duka muke tsoro.

Barista Nura: Gaskiya ne Sista, amma a doka sa hannun matar ne abin nema in tana hayyacinta, ba na miji ba. Kuma dokar lafiya ta ƙasa, National Health Act ta 2014, sashe na 20 ta hana ƙin duba mai buƙatar gaggawa.

Sista Rabi: To ka zo ka karanta wa uwar mijin sashe na 20 ɗin.

Malam Auwal: A fiƙihu ma an rarrabe. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya nuna wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da likitanci ba to lamuni yana kansa. Malamai suka ce gwani da ya yi aiki da izini kuma bisa ƙa'ida ba a bin sa komai. Ka ga sakaci bai samu mafaka ba ko da babu ganganci.

Maman Ilham: Yauwa Malam. Ni abin da ke ci min rai rashin bayani ne, a auna ki a rubuta a miƙo miki kati ba uffan, in kin tambaya a ce Hajiya akwai mutane a layi.

Barista Nura: Irin wannan ce shari'ar Montgomery a Birtaniya 2015. Mai ciwon suga ce kuma ƙaramar mace, jaririn babba, likita ta san akwai haɗarin kusan kashi 10 cikin 100 kafaɗarsa ta maƙale amma ba ta faɗa mata ba don kar ta zaɓi tiyata. Ya maƙale, ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Kotu ta ce dole a faɗa wa mace haɗarin ta zaɓa da kanta. Dokarka Yaya da ta rufe wa wannan matar ƙofa, don babu wanda ya ce da gangan aka yi.

Baban Sadiq: Na ji, amma likitan da ba shi da minti biyar ga mace ɗaya yaushe zai zauna bayani? In za a kai ƙara a haɗa da gwamnatin da ta bar shi shi kaɗai.

Sista Rabi: A fara sa mana 'yan sanda a get da daddare tukuna.