Allurar rage ƙiba ga wanda ba shi da ƙiba: kwalliya ce ko ganganci?

Maman Hanifa: Salamu alaikum 'yan uwa. Na san za a yi min ca, amma sai na faɗa. Ni a ganina duk baligi mai hankali, idan yana so ya yi allurar nan ta rage ƙiba don kawai jikinsa ya koma yadda yake so, ba wanda ya isa ya hana shi. Ga ni nan misali. Tsayina mita 1.65, nauyina kilo 60. Ba siga, ba hawan jini. Tun da na yaye Hanifa kilo biyar suka zauna min a ciki da cinya, shekara biyu ina tafiyar ƙafa ina rage ci, ko gezau. Na je wajen likita na ce ya rubuta min Wegovy na wata uku, ya dube ni sama da ƙasa ya ce ba ni da abin ragewa. To wai jikin nasa ne ko nawa?

Yaya Auwal: Wa alaikumus salam. Ina bayanki ɗari bisa ɗari. Mutum zai sa ƙarfe a haƙori shekara biyu don su jeru, ba ciwo suke masa ba. Wani zai kwanta a sa masa maganin barci a gyara masa hanci, ba mai ce masa kanzil. Sai a kan kilo biyar ne likitoci za su tuna da tsoron Allah?

Anti Dije: Auwal, bari in sa baki, tunda aikin magani nake ci da shi. Ozempic da Wegovy magani ɗaya ne, semaglutide, na kamfanin Novo Nordisk da ke Denmak. Yana kwaikwayon wani sinadari ne mai suna GLP-1 da hanji ke saki bayan an ci abinci, wanda ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, ya rage saurin ficewar abinci daga tumbi, ya taimaka wajen fitar da insulin. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Ozempic a 2017 don masu ciwon siga, Wegovy kuma a 2021 don rage ƙiba. Amma da sharaɗi: ma'aunin BMI, wato lissafin nauyin mutum a kan tsayinsa, ya kai 30, ko 27 idan akwai ciwo irin hawan jini ko siga. Maman Hanifa, naki 22 ne. Tsakiyar lafiya kenan, domin daga 18.5 zuwa 24.9 ake lissafa daidai.

Babban gwajin da aka dogara da shi, wanda ya fito a 2021, mutum 1,961 aka sa a ciki, aka bi su mako 68, suka rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu. Duk cikinsu babu mai irin jikinki ko ɗaya. In ya yi miki yadda ya yi musu, kilo tara zai cire, ki koma 51, ƙiris ya rage ki faɗa layin ramammu.

Maman Hanifa: Ai ni ba mako 68 na ce ba, Anti. Wata uku kacal, in ga 55 a sikeli in ajiye.

Anti Dije: Nan ne lissafin ya karye, ƙanwata. Ba a fara shi da cikakken ƙarfi. Daga miligiram 0.25 ake farawa, duk bayan mako huɗu a ƙara, sai an yi mako 16 kafin a kai 2.4. Wata ukun da kike faɗa duk a cikin lokacin tashin zuciya da amai za su ƙare. Sannan ki ajiye, ko? Mutanen gwajin nan da aka bibiya bayan sun daina, cikin shekara ɗaya kashi biyu cikin uku na abin da suka rage ya dawo. Kuma abin da ke zubewa ba kitse ba ne zalla, har da tsoka, ba kaɗan ba. Kitse ya san hanyar gida, da kansa yake dawowa. Tsoka kuwa sai kin yi mata aiki.

Yaya Auwal: Anti Dije, da girmanki, amma wannan BMI da kuke riƙewa kamar wahayi fa? Wani masanin lissafi ɗan Beljiyam ne, Adolphe Quetelet, ya ƙirƙiro shi tun a shekarun 1830, kuma ba likita ba ne. Bai san bambancin tsoka da teɓa ba. Ɗan dambe mai murɗaɗɗen jiki sai ya fito a mai ƙiba. Mai 27 a rubuta masa, mai 26.9 a kore shi. Hatta Ingila sai da suka sauke ma'aunin da 2.5 ga 'yan asalin Asiya da Afirka. Abin da ake matsawa gaba da baya haka, ta yaya zai zama katanga?

Anti Dije: Gaskiyarka a nan, ma'aunin yana da gyara, kuma da kan mai 26.9 muke da na sassauta. Amma ko da wancan saukakken ma'auni, daga 23 ake fara cewa nauyi ya ɗan wuce. Ita 22 take. Ka matsar da katangar iya son ranka, ba ta iso inda take tsaye ba.

Baba Iro: Ku bar ni in faɗi tawa, ni da nake cikin ruwan. Shekara goma sha ɗaya ina fama da siga. Da aka sa ni a kan Ozempic sigana ta zauna, na samu barci, fitsarin dare ya ragu. Kwatsam magani ya ɓace. Wata biyu ina yawo kanti-kanti da takardata a aljihu, kowa ya ce babu. Likita ya mayar da ni kan tsofaffin ƙwayoyi, abin awo ya koma nuna lambobin da na manta da su. Daga baya nake jin wai masu neman shiga riga ne suka wawashe. Amurka kanta tun 2022 maganin yake cikin jerin waɗanda suka yi ƙaranci, sai Fabrairun 2025 aka cire shi. 'Yata, ba faɗa nake miki ba, amma abin da kike kira kwalliya, ni ƙafata da idona nake karewa da shi.

Yaya Auwal: Allah Ya ƙara lafiya Baba. Amma ai da bakinka ka ce ƙarancin ya wuce. Kuma laifin kamfani ne da bai sarrafa isasshe ba, ba na mai saye ba.

Baba Iro: Ƙarancin ya wuce, 'ya'yan da ya haifa suna nan. Jabu nake nufi. A Ostiriya cikin Oktoban 2023 an kwantar da mutane asibiti saboda sun tsira wa kansu biron Ozempic na bogi, wato allurar mai siffar biro, ashe insulin ne a ciki, sigarsu ta faɗi ƙasa warwas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a Yunin 2024 bayan an kama jabun a Birazil da Birtaniya da Amurka. Wa kake zaton ke sayen irin wannan? Wanda likita ya hana ne, ya zagaya ta intanet.

Zainabu: Na jima ina karantawa ina jin kunya, amma bari in yi magana, domin ni na yi. Kilo 58 nake lokacin. Wata ƙawata ce ta ba ni biro ɗaya da ya rage mata, daga baya na nemo nawa. Daren Lahadi nake yi, in tsuke fatar ciki in danna, ba ya ma zafi. Litinin lafiya lau. Talata ce bala'in. Warin girki daga nesa sai ya tayar min da zuciya, gyatsa kuwa kamar ruɓaɓɓen ƙwai, har nakan kau da kai in ina magana da mutane. Loma uku na ƙoshi, abincin kuma ya zauna min a ƙirji har dare. Na taɓa yin kwana biyar ban zagaya ba. A wata na uku na fara ganin gashi cike da mataji, ina cirewa ina dunƙulewa ina ɓoyewa kar mahaifiyata ta gani.

Wata huɗu na rage kilo bakwai. Amma ba daga inda nake so suka fita ba. Cikin yana nan da ɗan saura, fuskar ce ta zube, kumatu suka faɗa, ido ya yi zuru-zuru. Ba wanda ya ce na yi kyau. Kowa sai "sannu, ashe ba ki ji daɗi ba?" Da na daina, bayan kamar mako uku yunwa ta dawo da rundunarta. Yanzu 59 nake.

Amma Yaya Maman Hanifa, ba zan yi miki ƙarya ba, akwai abin da nake kewa. Lokacin da nake kan allurar kaina shiru yake, ba tunanin me zan ci, ba lissafin loma, ba jin laifi bayan na ci. Ban taɓa sanin hayaniyar da ke kaina ba sai da ta tsaya. Wani lokacin nakan buɗe wayata in duba inda na saya. Wannan ne ya fi ba ni tsoro, ba gashin ba.

Maman Hanifa: Innalillahi. Zainabu ashe lokacin nan da na ce kin rame kika ce min jarrabawa ce?

Zainabu: Ita ce, Yaya. Ki yafe ni.

Kawu Bala: Mu da muka kwana biyu mun ga irin wannan. A shekarun 1990 an yi wani haɗin ƙwayoyi a Amurka da ake kira fen-phen, kowa na rububi, a 1997 aka janye shi saboda yana lalata ƙofofin zuciya. Sibutramine ma haka, 2010 aka kwashe shi daga kasuwa. Duk maganin rage ƙiba ƙarshensa kenan. Ku jira ku gani.

Anti Dije: A'a Kawu, kar mu yi wa maganin ƙazafi. Danginsa sun daɗe, na farkonsu exenatide tun 2005 masu siga ke amfani da shi. Kuma a 2023 wani gwaji na mutum sama da 17,000 masu ciwon zuciya da nauyi ya nuna semaglutide ya rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilinsu da kashi 20 cikin ɗari. Magani ne na gaske. Shi ya sa nake jin haushin yadda ake wasa da shi. Illolinsa a rubuce suke: tsakuwa a matsarmama, kumburin gaɓar da ke samar da insulin, gargaɗi kan wani nau'in kansar tayirod (gaɓar da ke gaban wuya) da aka gani a ɓeraye, har an hana shi ga wanda ke da tarihin ciwon a danginsa. Mai kilo 130 da zuciyarsa ke nema ta gaza, in ya ɗora waɗannan a sikeli ɗaya, ribarsa a ɗaya, riba ce ke rinjaye. Ke me za ki ɗora a ɓangaren riba? Haɗarin naku ɗaya ne, shi ana rage masa ciwo, ke ba ki da ciwon da za a rage.

Shi ne kuma amsar maganar hancinka, Auwal. Hanci sau ɗaya ake gyarawa a tashi. Wannan kuwa ranar da ka daina, ranar aikin ya fara warwarewa.

Yaya Auwal: Na ji. Amma ga abin da ba ku amsa ba. Zainabu ba ta je wajen likita ba don ta san za a kore ta, sai ta yi a ɓoye, ba awo, ba mai duba ta. Da an ce likita zai karɓe ta ya ba ta ɗan kaɗan, ya riƙa auna ta, da ba ta kai ga haka ba, kuma da ba ta shiga hannun 'yan jabun da Baba ke faɗa ba. Hanawar ba ta hana komai, korar mutane take zuwa bayan fage.

Anti Dije: Wannan ita ce hujjarka mafi ƙarfi, kuma ba ni da cikakkiyar amsarta. Abin da zan ce kawai, a cikin masu zuwa neman maganin nan da jiki daidai akwai waɗanda matsalarsu ba a cinya take ba, a madubi take. Mai ciwon ƙin cin abinci ba ya zuwa da tambari a goshi, cewa yake kilo biyar kawai. In ka miƙa masa abin da ke kashe yunwa ɗungurungum, ka ba mai neman faɗawa rijiya tsani. Likitan da ya ce a'a bai kamata ya tsaya a nan ba, ya zauna ya tambaye ta me ke damunta. A nan na yarda likitan Maman Hanifa ya gaza.

Kawu Bala: To ashe dai kun kusa haɗuwa.

Yaya Auwal: Ba mu haɗu ba Kawu. Ni har yanzu ina kan cewa ita ke da ta cewa a kan jikinta.

Anti Dije: Tana da ta cewa, shi ma likita yana da ta cewa a kan sa hannunsa. Maman Hanifa, tambaya ɗaya, in kin ga dama ki amsa min ta gefe: kin gama haihuwa? Domin ana so a daina shi wata biyu kafin a ɗauki ciki, yana daɗewa bai bar jiki ba. Mounjaro kuma, wani maganin allura irin wannan, in wani ya ba ki shawararsa, yana iya raunana ƙwayar tazarar haihuwa a makonnin farko da duk lokacin da aka ƙara ƙarfinsa. Sannan ki samo tef ɗin awo ki auna ƙugunki a wajen cibiya. In bai kai rabin tsayinki ba, wato santimita 82, kitsen cikin nan bai kai na damuwa ba.

Maman Hanifa: Ban gama ba, Anti, mun ma fara maganar ƙanin Hanifa. Bari in ɗauko tef ɗin.

Maman Hanifa: 76.

Baba Iro: Alhamdulillahi. Ni rabona da 76 tun ina saurayi.

Maman Hanifa: Baba kenan. Ni dai har yanzu ban yarda likitan nan ya kyauta min ba, kuma rigar da nake so ba ta shiga ba. Zainabu, gashin ya dawo kuwa?

Zainabu: Yana dawowa a hankali, Yaya. Gefen goshin ne har yanzu da saura.